Gida a Kan Teku: Yadda Rayuwar Masu Yawon Tsibirai da Jirgin Ruwa Take

Hoton da aka saba gani ɗaya ne: farin jirgi a tsaye cikin ruwa garai-garai har ana hango yashin ƙasa, ga itatuwan kwakwa a bakin gaɓa, ga mutum biyu zaune suna kallon faɗuwar rana. Hoton ba ƙarya ba ne. Akwai dubban mutane da suka sayar da gida ko suka ajiye aiki suka tare a irin wannan jirgi, suna tashi daga wannan tsibiri zuwa wancan a tekun Karibiyan da kudancin Fasifik. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne, duk hidimar da gari ke yi wa mazauninsa ba tare da ya lura ba, ruwan famfo da wutar lantarki da kwasar shara da gadi da gyaran abin da ya lalace, ta dawo wuyan mutum biyun nan. Daga nan ya kamata a fara duban lamarin, don shi ne ke bayyana dalilin da ya sa wasu ke shekara 10 a kan ruwa, wasu kuma su sa jirgin a kasuwa kafin shekara ta zagayo.

Jirgin da ake magana a kai ƙarami ne, tsawonsa mita 10 zuwa 14, da dogon jigo a tsakiya wanda ake ɗaura wa filafilai, wato manyan zannuwa masu ƙwari da iska ke turawa. Yana da injin dizal, amma amfaninsa shiga da fita tasha ne da ranar da iska ta ɗauke. Wani mai ciki ɗaya ne, wani kuma tagwaye ne, ciki biyu da aka haɗa da dandamali, wanda ake kira katamaran. Shi ya fi fili, ba ya kwantawa gefe idan iska ta matsa, ya kuma fi tsada. Gudunsu bai taka kara ya karya ba: mil 5 ko 6 na teku a awa, kuma mil ɗin teku mita 1,852 ne. Mai keke ma zai wuce su. Sai dai jirgi ba ya tsayawa dare da rana, shi ya sa yake cin mil 120 zuwa 150 a kwana guda. Da jirgi mai kimanin wannan girma, mai suna Spray, Joshua Slocum ya zagaye duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, kuma kafinsa ba wanda ya yi haka.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka mai jirgi inda ya ga dama nan yake nufa. Ina! Iska ce ke rubuta masa kalanda. A kusa da layin Ikwaita rana na dumama iska ta tashi sama, sai wata ta kwararo daga arewa da kudu don cike gurbin, juyawar duniya kuma ta karkatar da ita zuwa yamma. Don haka a arewa da layin iska daga arewa maso gabas take zuwa, a kudu da shi kuma daga kudu maso gabas, watanni a jere. Tun zamanin jiragen fatake ake hawanta. Ita ce ta sa kusan kowa yamma yake dosa, iska na tura shi ta baya. Wanda ya ce gabas zai yi, kishiyar iska da igiyar ruwa, zai ji a jikinsa, jirgin ma zai ji.

Hanyar da aka fi bi sananniya ce. A ƙarshen Nuwamba jirage ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari su tsallaka Atilantika, mil 2,700 zuwa Sent Lushiya, tafiyar kusan mako 3. Tun 1986 ake shirya wani gangamin tsallakawa a tare mai suna ARC, wanda Jimmy Cornell ya assasa, don sababbin shiga su samu abokan tafiya. A yi watanni ana zaga tsibiran Karibiyan. Mai son ci gaba sai ya nufi mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, inda ake ɗaga jirgi kimanin mita 26 zuwa tafkin Gatun sannan a sauke shi a ɗaya ɓangaren. Doka ce ƙaramin jirgi ya zo da mutum 4 masu riƙon igiya ban da matuƙi, shi ya sa masu jirage ke taya juna tsallakawa. Daga tsibiran Galafagos kuma sai babbar tafiya, kimanin mil 3,000 ba ƙasa ko ɗaya sai an hango duwatsun Hiva Oa ko Nuku Hiva a tsibiran Markesas. Sai Tuwamotu, Tahiti, Tonga, Fiji.

Abin da ke kora su gaba shi ne damina ta mahaukaciyar guguwa. A Atilantika da Karibiyan lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, a kudancin Fasifik kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu. Guguwar tana samun ƙarfi ne daga ɗumin ruwa, idan ya kai digiri 26 ko 27, kuma da wuya ta ƙullu a cikin digiri 5 na kusa da Ikwaita, domin a can juyawar duniya ba ta isa ta murɗa iska. Kamfanonin inshora sukan zana wa mai jirgi iyaka a taswira: in lokacin ya same ka cikin wannan yanki, asara taka ce ko kuɗinka ya ninku. Shi ya sa a Oktoba da Nuwamba za ka ga jirage sun yi jerin gwano daga Tonga da Fiji zuwa Niyu Zilan, tafiyar mil 1,000 da ɗoriya mai sanyi da wahala, na Karibiyan kuma suna gangarawa Girenada da Tirinidad kafin Yuni.

Iyakar nan dai zato ce ta ɗan'adam. An daɗe ana ɗaukar Girenada a matsayin tudun mun tsira, sai ga guguwar Ivan a Satumban 2004 ta daidaita tsibirin, ta tuntsurar da jiragen da aka fitar aka jingine a tudu. Bayan shekara 20, ranar 1 ga Yulin 2024, guguwar Beryl mai mataki na 4 ta afka wa tsibirin Kariyaku na ƙasar, tun damina na farkonta, ta tara jiragen da suka ɓuya cikin kurmin bakin ruwa a kan juna. Masu jiragen sun bi abin da magabata suka koya musu, amma bai ishe su ba.

To amma tsallaka teku kaɗan ne daga cikin rayuwar. Mafi yawan kwanakin shekara jirgi a tsaye yake, kuma abin da ke riƙe da shi wani ƙarfe ne da ake kira anka, da sarƙarsa. A nan nake ganin zuciyar maganar take. Gidanka, dukiyarka da ranka duk sun rataya a kan wani abu da ke ƙarƙashin ruwa wanda ba ka gani.

Nauyin anka ba shi ke riƙe jirgi ba, nutsewar da yake yi cikin yashi ko laka ce. Ba zai nutse ba kuwa sai an ja shi a kwance. Don haka ake sakin sarƙa ninki 5 na zurfin ruwa, wani lokaci har 7 idan ana jiran iska: zurfin mita 5 na bukatar sarƙa mita 25 ko fiye. Bayan an sake ta sai a sa injin ya ja da baya a ga ko ya kama, masu tsantseni ma sukan sa gilashin ninƙaya su nutsa su duba da idonsu. Sannan a yi lissafin da'irar da jirgi zai zaga idan iska ta juya, kada ya gogi na maƙwabci ko ya hau dutse. Duk da haka barcin mai jirgi rabi ne. Da ƙarfe 2 na dare hadari zai taso, sarƙa ta fara gurnani, sai ya fito da tocila yana auna fitilun gaɓa ya ga ko sun gusa. Na'urar GPS na iya yin ƙara idan jirgi ya fita daga da'irarsa, amma ba ta da ta cewa a kan jirgin da ke gabanka, wanda mai shi ya saki gajeriyar sarƙa ya tafi gari. Wanda ya daɗe a wannan rayuwa kunnensa ya san kowane motsi na jirginsa. Baƙon sauti guda ya isa ya tashe shi.

Ga kuma murjani. Waɗannan duwatsu masu rai su ne suka gina tsibiran da yawa, su ne gidan kifin da mutanen wurin ke ci, su ne kuma katangar da ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidaje. Wasu nau'o'insa ba sa ƙara fiye da santimita 1 a shekara. Sarƙa mai shara a ƙasa tana iya rusa ginin shekara 50 a dare ɗaya. A tsibirin Boner na Karibiyan an haramta jefa anka kwata-kwata, sai dai a ɗaure a mazaunan da hukuma ta kafa. A Tuwamotu masu hankali sukan ɗaura wa sarƙa robobi masu yawo a kan ruwa don ta bi ta saman murjanin. Dabarar ba tsada, ba wuya, kuma a ganina wanda ya san ta ya ƙi yi ba shi da uzuri.

Tuwamotu ɗin nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tsibirai ne sama da 70, kusan kowanne zobe ne na murjani da tafki a tsakiya, tudunsa bai fi 'yan mitoci ba, har matuƙa na zamanin baya suka yi wa yankin laƙabi da tsibirai masu hatsari, don kafin ka hango kan kwakwa ka riga ka matso. Ƙofar shiga tafkin 'yar siririya ce, kuma ruwan da ke fita ta cikinta yakan fi jirgin gudu, saboda haka sai a jira ɗan lokacin da ya lafa tsakanin cika da janyewa. A ciki kuma taswira ba ta wadatarwa, domin wasu taswirorin Fasifik an gina su ne a kan awon da aka yi tun ƙarni na 19. Sai mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne marar zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa murjani ne dab da sama. Karatun ba ya yiwuwa sai rana ta ɗaga kuma tana bayanka, shi ya sa ake lissafin tafiya tun daga nesa don a iso da hantsi, ko da za a rage gudu a kwana a waje. Kyaftin James Cook da kansa, duk da ƙwarewarsa, ya ɗora jirginsa Endeavour a kan murjanin gaɓar Ostareliya a Yunin 1770.

Bari in ɗan ratse. Mutanen waɗannan tsibirai sun mallaki wannan teku ƙarnoni kafin wani Bature ya leƙo shi, ba taswira ba kamfas, sai taurari da yanayin igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. Tupaia, mutumin tsibirin Ra'iyateya, ya shiga jirgin Cook a 1769 ya zana masa tsibiran da ya sani. A 1976 Mau Piailug na tsibirin Satawal ya jagoranci kwale-kwalen Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti ba tare da na'ura ko ɗaya ba. Mai jirgin yau da allon kwamfutarsa ya kamata ya riƙa tuna a farfajiyar wa yake yawo.

Mu koma cikin jirgi. Ruwan sha shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa: teku ta ko'ina, amma kowace lita tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Tankin jirgi yakan ɗauki lita 300 zuwa 600, kuma da shi za a sha, a dafa, a yi wanka. Sai a koyi wanke kwanuka da ruwan teku a ɗauraye da ɗan kofi na mai daɗi, a shimfiɗa tamfol a tari ruwan sama, ko a yi ta jigilar jarkoki a ƙaramin kwale-kwalen roba, wanda shi ne motar gidan. Masu hali suna sa injin tace gishiri, mai matsa ruwan teku ta cikin wata matata da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau 55 ko fiye. Injin na cin wuta, wutar kuma daga batura take, baturan kuma sola ke cika su, ko farfelar iska, ko injin jirgi. Firji shi ne babban maciyin wuta a zafin nan, a kan tafiya kuma na'urar da ke riƙe sitiyari. Kwana 3 na gajimare sun isa su sa a zauna a zaɓa: kankara ko ruwan wanka. Komai a jirgi a sarƙe yake da ɗan'uwansa.

Gishiri kuwa ba ya hutu. Yana cin waya, yana sa ƙarfe tsatsa, yana kashe zif ɗin jaka. Rana na cin filafilai da igiyoyi, laima na kawo fumfuna a cikin kabad. A ƙarƙashin jirgi ƙananan halittu masu ɓawo ke mannewa su rage masa gudu, shi ya sa duk shekara ko biyu ake fitar da shi tudu a shafa masa fenti mai tagulla. Masu wannan rayuwa suna da wata magana a tsakaninsu, cewa yawon teku gyaran jirgi ne a wurare masu kyau, kuma da gaske suke. Mutum ɗaya shi ne bakanike, shi ne mai gyaran wuta, shi ne mai gyaran famfo, shi ne tela. Idan wani ɗan ƙarfe ya karye a tsibirin da jirgin kaya ke zuwa sau ɗaya a 'yan makonni, sai jira. Mafi yawan kuɗin da ke fita ma jirgin ne ke cinye su. Wasu na cin ajiyarsu, wasu fansho, wasu kuma yanzu suna aiki ta intanet daga cikin jirgi tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo.

Abinci gwangwani ne da busassun kaya da abin da aka samu a kasuwar tsibiri, kuma ba a shigo da kwali cikin jirgi saboda ƙwan kyankyaso. Kifi kuwa akwai tarko a cikinsa. Wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a jikin ciyayin murjani tana haifar da guba. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye su, gubar ta taru a jikin irin su barakuda. Ana kiran ciwon sigwatera. Dafuwa ba ta kashe gubar, ƙanƙara ba ta kashe ta, ba a gane ta a wari ko ɗanɗano. Wanda ya kamu yakan yi amai da gudawa, leɓɓa da yatsu su riƙa sagewa, ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar wuta. Kifin da ba shi da illa a wannan tsibiri yana iya kwantar da mutum a na gaba, don haka masunta na wurin ake tambaya. Ɗan ƙwarzanen murjani ma in an raina shi sai ya zama gyambo. A tsakiyar hanyar Markesas kuwa ba jirgi mai saukar ungulu da zai iso; in an kunna na'urar neman agaji ta tauraron ɗan'adam, jirgin dakon kaya mafi kusa ake roƙo ya karkato, kuma yana iya ɗaukar kwanaki.

Sai zaman tare, wanda ba a cika faɗa ba. Yawancin jiragen miji da mata ne kawai a ciki. A kan tafiya gadi ake karɓa-karɓa, awa 3 ko 4 kowa, dare da rana: ɗaya na barci, ɗaya na ɗaure da igiya a jikin jirgi yana duban fitilun manyan jirage da baƙin hadari, don wanda ya faɗa ruwa da dare alhali abokinsa na barci, da wuya a sake ganinsa. Amana ce tsantsa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne kuma, a ɗakin da ba inda za ka fita ka huce. Wanda ya bi abokin zamansa cikin wannan rayuwa don kara kawai, ba don yana so ba, shi ne ke fara gajiya. Abin da ke riƙe waɗanda suka dawwama kuwa ba a sayensa: dare mai taurari har gefen ruwa, ƙamshin ƙasa da ke riskar hanci kafin ido ya ga tsibiri bayan mako 3, da zumuncin masu jirage, waɗanda ke kiran juna a rediyo su kawo ɗauki ga wanda ba su taɓa gani ba.

Duk inda jirgi ya isa, ƙasar wasu ce. Ana ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar ba a tantance mu ba tukuna, matuƙi ya sauka da takardu ya ga jami'an kwastan da na shige da fice da na lafiya. Niyu Zilan takan karɓe ɗanyen abinci da zuma, ta kuma duba tsaftar ƙasan jirgi. Folinisiya ta Faransa takan nemi wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya nuna tikitin fita ko ya ajiye kuɗin jingina. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, launin fasfo na buɗe wa wasu tashoshin da yake rufe wa wasu, kuma a 2020, da annobar korona ta sa ƙasashe rufe iyakoki, har masu fasfo mai ƙarfi sun ɗanɗana zama a kan ruwa ba mai marhabin da su.

Bayan hukuma akwai masu ƙasa. A ƙauyukan Fiji ruwan da ke gaban gari mallakar jama'ar garin ne, shi ya sa baƙo ke zuwa da damin saiwar kava, wani tsiro da suke yin abin sha da shi, ya miƙa wa sarkin garin, ba hula a kansa, ya nemi izinin zama. Sunan al'adar sebusebu, kuma in an karɓa ya zama ɗan gida. A tsibiran Guna Yala na Panama kowace kwakwa da mai ita, ko da tsibirin ba kowa a kai, kuma matan Guna kan zo da kwale-kwale su tallata ɗinkinsu na mola. Mai jirgi da ya cika tankinsa daga rijiyar ƙauyen da ke dogaro da ruwan sama, ko ya bar musu buhun shararsa alhali ba su da inda za su kai, ya ci amanar baƙunta, kuma wanda zai zo bayansa ne zai ga canjin fuska.

Akwai bambanci ɗaya da ke tsakanin baƙon da mai masaukinsa wanda ya fi kowanne nauyi a wurina. Idan hasashen yanayi ya munana, mai jirgi na iya janye ankarsa ya gudu kudu cikin dare. Mutanen Kariyaku a gidajensu Beryl ta same su, ta yaye rufin mafi yawansu. A Guna Yala kuma, inda jiragen yawo ke cika kowace shekara saboda kyan wurin, ruwa ya daɗe yana shiga lungunan tsibirin Gardi Sugdub, ga cunkoso, har a Yunin 2024 iyalai kimanin 300 suka fara kwashe kayansu a kwale-kwale zuwa sababbin gidajen da gwamnatin Panama ta gina musu a kan tudu.